Abin da Na Tarar a Bakin Ruwan Legas

Daga gida zuwa Kano

Ranar wata Talata ce a ƙarshen bazara, tun kafin ladan ya yi kiran farko, na fito tsakar gida da jakata. Yarana uku suna barci a ɗakin Inna, surukata. Ita kuwa tana zaune a kan tabarma da carbi a hannu. Ta turo mini wani ƙulli a tsohon zane, kuka da daddawa da ƙuli-ƙuli, ta ce, "Ki kai masa. Allah ya tsare hanya."

Ban ce komai ba sai amin, amma a raina cewa nake mutumin da ke shan iskar teku me zai yi da kukar garinmu Kwarin Ɗinya?

Bari in faɗi dalilin tafiyar, don wasu sun ɗauka yawon buɗe ido na je. Maigidana, Baban Halima, ya tafi cin rani Legas da niyyar dawowa da ruwan farko. Damina biyu ta wuce bai dawo ba. Da fari yana dako a tashar jiragen ruwa, yana aiko mana da abin da ya samu. Daga baya aike ya ragu, waya ta koma ta gaisuwa kawai: "Ya yara? Aiki ya yi yawa, sai na kira." Kuma a shekarun nan ne man fetur ya tashi, komai ya bi shi. Kwanon gero ya fi ƙarfin talaka. Rabin gonarmu ta zauna ba a nome ba. Ni na koma suyar awara, muna ɗora tukunya sau ɗaya a wuni, in ta ƙi ma mu yi kwaɗon rama mu sha ruwa.

Ana cikin haka sai ƙanwarsa Zulai, wadda take aure a Ɗanbatta, ta zo da babbar wayarta tana murna, ta ce ga hoton Yaya. Na karɓa. Ga shi nan cikin farar shadda, ya jingina da wani ƙarfe, yana murmushi, bayansa ruwa ne da fitilu kamar an zubar da taurari, da wani jirgi da ya fi masallacin Juma'a girma. A ranar autana Abba ya kwana yana kukan yunwa. Ban runtsa ba. Da gari ya waye na aika aka kai tunkiyata kasuwa, na tafi wurin Kawu Tanimu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi fataucin goro a Kudu tun ban san kaina ba. Na ce masa ko ya raka ni, ko in tafi ni kaɗai. Ya dube ni ya ce, "Rabi, da wannan idon naki, gara in bi ki kada ki ƙone musu gari."

Babura biyu suka kai mu Ɗanbatta, muka yi sallar asuba a tasha. Motar Kano ta mutum huɗu ce a baya, aka cusa mu shida. Da wata tsohuwa ta yi magana, direba ya ce, "Iya, ki je gidan mai ki faɗa musu." Muka shiga Kano hantsi bai gama ɗagawa ba.

Kano zuwa Jabba

A tashar motocin Legas ɗan kamasho ya rantse mana mutum biyu suka rage. Muka biya kuɗin da ya cinye fiye da rabin tunkiyata, muka shiga muka zauna. Ashe rabin waɗanda ke cikin bas ɗin 'yan cika ido ne. Duk lokacin da fasinja na gaskiya ya zo, sai ɗaya ya sauka kamar zai kama ruwa, ba ya dawowa. Ba mu tashi ba sai bayan azahar. Kawu ya sayo mana ɗanwake na ci kaɗan, na ajiye saura, don an ce abinci a hanya ba na marasa ƙarfi ba ne.

Direbanmu wani dattijo ne mai suna Malam Sabo, ba ya son surutu. Muka wuce Zariya da la'asar, Kaduna da magariba. Daga nan ne na fara ganin abin da ake kira shinge. Ba za a yi tafiyar kirki ba sai ka hango tayoyi da ganguna a tsakiyar titi, da masu kaki suna haska tocila. Malam Sabo ya riga ya nannaɗe kuɗi a tafin hannu, yana miƙawa kamar mai gaisuwa, a ce "wuce." Na tambayi Kawu ko kuɗin mene ne. Ya ce, "Kuɗin an gan ka ne."

Bayan Suleja muka faɗa hannun wasu da gaisuwar ba ta ishe su ba. Suka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani ya kwance ƙullin Inna a kan titi, ya sa yatsa yana tona kukar, ya shinshina daddawa ya yamutsa fuska, abokansa suna dariya. Da ya zo kan ƙuli-ƙuli bai yamutsa komai ba, ya ɗebi cikin hannu biyu ya zuba a aljihu.

Na ce, "Malam, na tsohuwa ne. Da hannunta ta yi wa ɗanta."

Ya ce, "Mu ma 'ya'yanta ne."

Kawu ya taka mini ƙafa. Har muka kai Bidda ina haɗiye maganar da ban faɗa ba.

Hanyar Bidda zuwa Makwa kuwa ba hanya ba ce, ramuka ne aka jera. Tankokin mai da tireloli sun toshe ko'ina, wata ta kife ta zubar da albasa, mutanen ƙauye suna kwasa cikin duhu. Malam Sabo ya ce ba zai ƙara taku ɗaya ba sai gari ya waye. Muka kwana a Makwa, maza a kan benci, mu mata a cikin mota, sauro yana yi mana hidima. Wata mata kusa da ni, mai kai zoɓo Badun, ta tambaye ni ina za ni. Na ce wurin maigida. Ta ce, "Ya san kina tafe?" Na ce a'a. Ta yi wata dariya ta ce, "To ki daure zuciyarki. Wanda ya je ba sallama shi ke ganin ba daidai ba." Maganar nan ta ƙara mini wuta. Na kwana ina shirya abin da zan faɗa wa matar da nake zaton zan tarar.

Da sassafe muka hau gadar Jabba. Na leƙa na ga ruwa shimfiɗe, na ce wa Kawu ko shi ne tekun. Ya ce, "Wannan kogin Kwara ne. A wurin teku, wannan alwala ce."

Ilori, Badun, Legas

A Ilori muka karya da shayi da burodi. Daga nan ƙasa ta canza, dawa ta ɓace, sai kurmi da bishiyar kwakwa da jar ƙasa. Shingen ma ya canza. Yanzu ba masu kaki kaɗai ba, har da samari marasa riga masu katako mai ƙusoshi, suna jan shi gaban taya suna ihu da yarensu. Kalma ɗaya nake ganewa, "aboki," kuma yadda suke faɗinta babu abota a ciki. Malam Sabo yana biya yana tsaki. Sau ɗaya ya buɗe baki ya ce, "Shekara talatin ina bin hanyar nan. Da mutum ɗaya ke cinmu, yanzu kowa da cokalinsa."

Muka wuce Badun da rana tsaka, garin da rufin kwanonsa duk ya yi tsatsa har iyakar ganinka. Legas kuwa ba a shigarta, sai dai ta haɗiye ka. Tun daga nesa motoci suka tsaya cak. Muka yi ta rarrafe, masu talla suna bin mu da gudu, hayaƙi yana shiga ido. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Muka sauka bayan la'asar, Kawu ya riƙe jakata da hannu ɗaya, ya ce in kama gefen rigarsa kada in saki ko me zai faru. Muka hau wata bas mai ruwan ɗorawa da babu ƙofa, suna kiranta danfo, ta kai mu Ijora, inda mutanenmu suke.

Ijora

Unguwa ce ta ɗakunan katako a ƙarƙashin gadar sama, tireloli sun yi layi a gefe, ƙasa baƙi ƙirin da baƙin mai. Amma ko'ina Hausa kake ji. Muka nemi Ɗanlami mai shayi, ɗan garinmu ne, tare suka taso da Baban Halima. Yana ganina ludayi ya faɗi daga hannunsa.

"Rabi? Ke ce? Lafiya dai?"

Na ce, "Lafiya ce ta kawo ni. Ina abokinka?"

Ya ce ya tafi aiki. Wani da ke zaune a benci ya ce ai ya yi tafiya Badun. Na uku ya ce bai san mai wannan suna ba, alhali ƙanin matarsa maƙwabcinmu ne. Na ce to, ta tabbata, har sun haɗa baki. Kawu ya zauna, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Ɗanlami, ni na yanka ragon sunanka. Kwana biyu yarinyar nan tana hanya. In mutuwa ya yi ka faɗa mana, in aure ya yi ka faɗa mana."

Ɗanlami ya daɗe yana kallon tukunyarsa. Sannan ya ce, "Baba, ya sa mun rantse ne ba za mu faɗa ba. Amma ban rantse ba zan nuna muku masallaci ba. Ku bi nan, ku duba bayansa."

Muka bi wani lungu mai kwata. A bayan masallacin akwai wata rumfa, wani mutum yana zaune a ƙasa da faifan goro da alewa da ashana a gabansa. Na wuce shi ma, sai da ya ce "Rabi" a hankali na juyo. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Na buɗe baki zan fara abin da na kwana biyu ina shiryawa, sai idona ya sauka ƙasa. Ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe take, an soke ta da fil a ƙasan gwiwa. Sandunan guragu biyu suna jingine da bango.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Kawu yana ta salati. Baban Halima kuwa ya ɗauki hularsa ya rufe fuska.

Ɗanlami ne ya biyo mu ya ba da labarin, don shi ya kasa. Wata goma sha huɗu ke nan. Suna lodin buhunan shinkafa da dare, wata tirela ta yi baya ba mai duba mata, ta matse shi da bango. Ɗan kwangilar da ya ɗebe su aiki ya kai shi asibiti, ya zo sau ɗaya, ya kashe wayarsa. Da suka je neman ɗan kwangilar aka ce ba a san da sunan maigidana, Isiya, a cikin ma'aikata ba, ai 'yan dako ba su da suna, da kai ake ƙirga su. 'Yan garinmu ne suka yi karo-karo aka yi aikin, su suka saya masa faifan goron. Ɗan abin da yake aiko mana daga faifan nan yake fitowa, shi kuwa ya wuni da gari da ruwa.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma kukan bai kashe fushin ba, gida kawai ya canza masa. Na dubi Ɗanlami na ce, "Ku duka kuka sani? Kuna zuwa gida da salla, kuna shiga gaida Inna, kuna shan furarta, kuna ce mata yana nan lafiya?" Ya sunkuyar da kai. Na juya wurin maigidan na ce, "Hoton fa?"

Ya ce, "Shaddar Ɗanlami ce. Shi ya ɗauke ni, daga ƙirji zuwa sama. Na ce ko hankalinku zai kwanta."

Na ce, "To bai kwanta ba. Tashi ka kai ni wurin."

Kawu ya ce in bari sai gobe, na gaji. Na ce tunkiyata na sayar saboda wurin nan, sai na gan shi yau.

Bakin ruwa

Bayan isha muka fita mu uku. Ganin yadda yake hawa danfo da sanduna, kwandasta yana daka masa tsawa ya yi sauri, shi kaɗai ya isa ya hana mutum barci. Muka haye wata doguwar gada, muka sauka, muka taka kaɗan. Tun kafin in ga ruwa na ji shi, wata iska mai sanyi mai ɗanɗanon gishiri ta bugi fuskata.

Akwai wani wuri da aka kewaye da waya, ciki fitilu kala-kala, kujeru a bakin ruwa, kiɗa yana tashi, manyan motoci suna shiga. Kawu ya ce a zamaninsa nan fili ne, a nan suke shimfiɗa tabarma. Ya ce yau dai ko nawa ne zai biya mu shiga mu zauna kamar kowa. Muka nufi ƙofa. Mai gadin bai bari mun ƙaraso ba. Ya dubi sandunan, ya dubi hijabina, ya ɗaga hannu yana kora mu kamar kaji, yana magana da Turanci.

Na ce, "Kawu, me ya ce?"

Baban Halima ne ya ce, "Ya ce ba a bara a nan."

Kawu ya zaro kuɗi ya nuna masa. Mutumin ko kallo bai yi ba, ya buɗe wa wata mota ƙofa, ya ture sandar maigidana da ƙafa don ta ba da hanya. Saura kaɗan ya faɗi.

A nan ne na manta da cewa ni baƙuwa ce. Na ce, "Kai! Bara? Shinkafar da ake ci a cikin nan, a kan wa ta sauko daga jirgi? Ƙafarsa tana can tsallake, ku ne kuka ci, ko godiya babu! Wa ya roƙe ka? Uban wa ya roƙe ka?" Ba ya jin Hausa, ni ba na jin nasa, amma ya ja da baya. Mutanen cikin motar suka ɗaga gilashi. Kawu ya ja ni yana cewa, "Ya isa, Rabi, ya isa, nan ba Ɗanbatta ba ce." Haka muka bar wurin.

Baban Halima ya ce ai shi ma bai taɓa shiga ba. Ya kai mu can gaba inda waya ta ƙare, wurin wani dogon dakali na siminti da ƙarfen jingina. Nan ne wurin hoton. Nan talakawa suke zama, 'yan dako da masu gadi da suka tashi aiki, wasu masoya biyu suna cin gyaɗa, wata Bayarabiya tana gasa kifi da agada, wato babbar ayaba, a kan waya. Muka zauna.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: wurin nan yana da kyau. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Ruwan baƙi ne, amma fitilun tsallake sun sauka a kansa dogo-dogo, ja da fari da ruwan zinariya, suna rawa. Jiragen suna tsaye kamar unguwanni, kowanne da benayensa. Injinan ɗaga kaya masu dogon wuya suna ɗaukar kwantena kamar akwatin ashana, su juya a hankali su ajiye. Wani jirgi ya taso zai fita, ƙananan jirage biyu suna jansa kamar yara sun riƙo hannun kakansu. Ya yi wani kuka mai kauri da na ji shi har cikin cikina. Igiyar ruwa ta zo ta bugi dakalin, ta fantsamo mana a ƙafa. Na ɗanɗana, gishiri ne zalla. Na yi dariya ban shirya ba, na kuma ji haushin kaina da na yi.

Kawu ya sayo mana kifi ɗaya da agada, da yaji mai zafi a takarda. Ya ce shi zai taka can ya ga ko tsohon masallacinsu yana nan. Na san ba masallaci yake nema ba.

Muka ci, ni da Baban Halima. Rabon da mu ci abinci a wuri ɗaya har na manta. Ya nuna mini wani wuri a tsallake, ƙarƙashin wata fitila mai haske sosai, ya ce, "A can ne." Ya ce yakan zo nan in abin ya dame shi, don a nan ne kaɗai ba wanda yake kallon ƙafarsa, kowa ruwa yake kallo. Sannan ya goge hannunsa, ya gyara murya, ya ce, "Rabi, na san na cuce ki. Ke yarinya ce har yanzu. In kina so in sawwaƙe miki, ga Kawu nan, sai ya zama shaida. Ba zan riƙe ki da nakasa ba."

Duk abin da na gani a hanya, da masu shinge da mai gadi, babu wanda ya ƙona mini rai kamar wannan magana.

Na ce, "Ashe abin da ka zauna kana saƙawa ke nan? Wata goma sha huɗu kana yanke mini hukunci kai kaɗai, ba ka tambaye ni ba? Ƙafa na aura? Ranar da aka ɗaura, waliyyina ƙafa ya ba wa ni?"

Ya ce, "Da wace fuska zan shiga gari? Na fita da ƙafa biyu zan nemo, in koma da ɗaya hannu wofi? Ko fartanya ba zan iya riƙewa ba."

"Mu da ka bari da wace fuska muke yawo? Ana nuna ni ana cewa mijinta ya samu duniya ya manta da ita. Halima ta daina tambayarka. Abba bai san kamanninka ba, duk mai babur da ya tsaya a ƙofar gida sai ya ce Baba. Ka gwammace a ce kai azzalumi ne da a ce kai gurgu ne?"

Na ce, "Goron nan da kake sayarwa a bakin kwata, akwai dokar da ta hana a sayar da shi a gindin darbejiyar ƙofar gidanka? Gona kuma ka zauna a kan kunya ka nuna, ƙannenka su yi. Ba ƙarfinka muka rasa ba, kai muka rasa."

Ya daɗe yana kallon jirgin nan har fitilunsa suka ƙanƙance. Na ga kafaɗunsa suna motsi. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar, na kawar da kai na bar shi ya yi. Da Kawu ya dawo, ya dube mu ya ce, "To, me aka yanke?" Baban Halima ya ce, "Kawu, a nema mana mota." Kawu ya zauna ya ƙarasa kan kifin, muka ƙara jimawa muna shan iska, don na ce tunda na zo sai na more.

Komawa

Na kwana a ɗakin matar limamin unguwar, wata Bazazzagiya mai kirki da ta dafa mini ruwan zafi na gasa ƙafa. Washegari na yi wa Baban Halima miyar kuka da ƙullin Inna a murhunta. Ɗanlami ya sayi faifan goron, 'yan garinmu suka cika mana kuɗin mota. Ranar Juma'a da yamma muka taso.

Hanya dai ita ce, ramukan ba su cike ba, masu shinge ba su tuba ba. A wani shingen ma sai da aka sa shi ya sauko da sandunansa don a duba ƙarƙashin kujera. Muka kwana a hanya, muka sake kwana a Kano gidan wani abokin Kawu a Kurna, don jikin Baban Halima ya yi tsami. Ranar Lahadi da hantsi muka iso Ɗanbatta, kasuwa ta fara cika.

A tasha ya ce mu zauna a wata rumfa sai bayan magariba, sannan mu shiga gari. Na gane nufinsa. Na ce, "Ɓarawo ne ke shiga gari da duhu. Me ka sata?" Kawu ya yi dariya ya tsayar da a-daidaita-sahu.

Muka shiga Kwarin Ɗinya rana tana tsaka, mutane suna fitowa daga sallar azahar. Ya sauka a ƙofar masallaci, a gaban kowa. Sai liman ya taho ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Isiya, barka da arziki. Barka da rai." Daga nan aka yi masa caa, wannan ya karɓi jaka, wancan yana share hawaye, har zaure aka rako shi.

Kawu ya riga mu shiga ya yi wa Inna bayani. Baban Halima ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta taɓa sakin fuska da shi a gaban mutane ba. Ta fito ta tsaya a bakin ɗaki, ta dube shi daga sama har inda wandon ya naɗe. Ya yi ƙoƙarin durƙusawa ya gaishe ta, sanda ta zame. Inna, wadda ko hannunsa ban taɓa ganin ta riƙe ba, ita ta tare shi kafin ya kai ƙasa. Ta zaunar da shi a kan tabarmarta, ta ce da ni, "A ba shi ruwa." Ta shiga ɗaki ta saki labule. Muna jin kukanta daga waje.

Ruwan farko ya sauka bayan kwana tara. An nome gonar duka bana, yana zaune a kan kunya yana faɗa da ƙannensa a kan sun yi shuka da nisa. Abba ya ɗauki mako guda yana leƙensa daga bayan rumbu, yanzu kuwa ba mai taɓa sandunan nan sai shi.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Kawu Tanimu, da Malam Sabo direba, da matar liman, da 'yan garinmu na Ijora da suka riƙe shi lokacin da ba mu sani ba, har da Ɗanlami, ko da yake ban gama huce masa ba. Shi kuwa ɗan kwangilar da ya kashe wayarsa, har yau ban san sunansa ba. Amma Wanda na kai wa ƙara ya sani.